Tafiyar kwanaki a kan babur ta ƙananan hanyoyi: tambayoyi da amsoshi

Wanda ya bar babban titi ya bi ƙananan hanyoyi masu ratsa duwatsu, dazuzzuka da ƙauyuka, ya yi haka ne don idonsa ya sha kallo. Sai dai hanyar da ta fi kyan gani ita ce ta fi ƙarancin gidan mai, bakanike da sabis ɗin waya. Ga tambayoyin da masu shirin irin wannan tafiya suka fi yi.

Kilomita nawa ya kamata in yi a rana?

Ka bar lissafin kilomita, ka koma lissafin awa. A ƙaramar hanya mai yawan kwana, idan ka haɗa tsayawar shan mai, cin abinci, ɗaukar hoto da ɓatan hanya, da wuya ka wuce kilomita 45 zuwa 55 a kowace awa, ko da allurar agogonka tana taɓa 80. Awa shida a kan sirdi ta ishi yawancin mutane, wato wajen kilomita 300 ke nan a babban babur. Mai ƙaramin babur, irin 125cc ko 150cc, ya tsaya tsakanin 180 da 250. Idan akwai burji a hanyar, ka ƙara ragewa.

Ranar farko kowa jarumi ne. A rana ta uku ake sanin gaskiya, lokacin da wuya ya sage, mazaunai suka yi tsami, hankali ya fara yawo. Saboda haka ka sa rana ta uku ta zama mafi gajarta, ko ka kwana biyu a wuri ɗaya. Kuma ka tsara isa masauki da sauran awa biyu kafin rana ta faɗi. Awa biyun nan ba ɓata lokaci ba ne, su ne kuɗin fansarka idan taya ta yi faci ko aka tarar gada ta karye. Da asuba da almuru ne dabbobi suka fi tsallaka hanya, kuma fitilar babur ba ta leƙa bayan kwana.

Ta yaya zan san mai zai kai ni?

Kada ka dogara da abin da kamfani ya rubuta. Ka auna da kanka: cika tanki, rubuta lambar da ke kan agogo, yi tafiya da kayanka a ɗaure, sake cikawa, sannan ka raba kilomitar da ka yi da litar da ta shiga. A ce tankinka lita 12 ne, kuma lita ɗaya tana kai ka kilomita 30. A takarda kana da 360. A hanya ka ɗauka 240 gare ka, kashi biyu cikin uku. Ragowar na hawan dutse ne, da iskar da ke bugun ƙirji, da gidan man da taswira ta nuna amma ka tarar da shi a rufe.

A ƙananan hanyoyi, in tanki ya kai rabi kuma ka ga famfo, ka sha. In dole ce ta sa ka ɗauki ƙarin mai, ka zuba shi a jarkar da aka yi don fetur, ka bar ɗan sarari a samanta domin zafi yana kumbura shi, kuma ka ɗaure ta nesa da salansa.

Me zan duba a jikin babur, kuma yaushe?

Lokacin ya fi jerin muhimmanci. Ka kai babur sabis mako guda kafin tafiya, ba jajibirinta ba, sannan ka yi aƙalla kilomita 100 da shi. Notin da ba a ɗaure da kyau ba da man da ke ɗiga, a wannan makon suke bayyana, a kusa da gida.

Taya ce a gaba. Zanen da ya rage bai kamata ya gaza milimita 3 ba ranar tashi, domin kaya da zafin kwalta suna cin tayar baya da sauri. A gefen taya, bayan haruffan DOT, akwai lambobi huɗu na ƙarshe: 2322 na nufin an yi ta a mako na 23 na shekarar 2022. Tayar da ta haura shekara biyar ko shida robarta ta fara taurara, ko da zanenta yana nan daram, kuma a jiƙaƙƙiyar hanya ne za ta nuna halinta. Iska kuwa da safe ake aunawa, taya na sanyi. Littafin babur yakan ba da adadi biyu, na mutum ɗaya da na goyo ko kaya. Na biyun za ka bi.

Sai sarƙa. A yawancin baburan titi, lilonta a tsakiya yakan kasance milimita 20 zuwa 30, na baburan daji ya fi haka, kuma galibi akwai takarda manne a ƙarfen da ke riƙe tayar baya mai faɗin adadin. Mutane sun fi tsoron sarƙa mai sako-sako, alhali wadda aka ɗaure tamau ta fi ɓarna: idan kaya suka danne bayan babur sai ta ƙara miƙewa, ta ci haƙoran da take hawa, ta gajiyar da boris. Ka juya tayar ka auna a wurare uku ko huɗu, ka saita da wurin da ya fi tsauri. In haƙoran sun yi tsini sun lanƙwashe kamar ƙaya, a canja su tare da sarƙar gaba ɗaya. Man sarƙa kuma duk kilomita 500 ko bayan ruwan sama, da yamma bayan an sauka, tana da ɗumi.

Sauran sanannu ne: baƙin mai, takalmin birki, wayar kuloci, batir, fitilu da matatar iska.

Yaya ake ɗaure kaya?

Mai nauyi a ƙasa, kusa da jikinka, kada ya wuce tsakiyar tayar baya. Kayan aiki da ruwa su shiga ƙasan jakunkunan gefe, hagu da dama su yi kusan daidai. Tufafi da abin kwanciya su hau sama. Idan ka tula nauyi can bayan sirdi, tayar gaba takan yi sakayau, kan babur ya riƙa rawa da zarar gudu ya ƙaru. In ka ji haka, kada ka damƙe hannu ko ka cafke birki. Sassauta mai a hankali, ka tsaya ka sake shiri.

Littafin babur yana faɗin iyakar nauyin da zai ɗauka, kuma kai da mai goyonka kuna cikin lissafin. In shokar baya tana da wurin saiti, ka ƙara mata tauri. In ba ka yi ba, baya zai zauna, fitila ta koma haska rassan itatuwa da idon masu tahowa.

Igiyar roba tana miƙewa a gargada, kaya su zame. Madauri marar miƙewa ya fi. Jelar da ta rage ka naɗe ta ka cusa, domin in ta shiga sarƙa ko taya, tayar baya tana iya cijewa nan take. Bayan kilomita 20 na farko ka tsaya ka sake ja, ka kuma duba ko jaka ta kwanta a kan salansa.

Me ya fi kayar da mutane a irin waɗannan hanyoyi?

Kwanar da aka shiga da gudun da ya fi ƙarfinta. Ƙa'idar ita ce ka iya tsayawa a cikin tazarar da idonka ke gani, a hannunka. A gudun kilomita 80, kana cin mita 22 a kowace daƙiƙa, tun kafin yatsunka su taɓa birki. Bayan kwanar nan da ba ka gani, ana iya samun tarakta, garken dabbobi, yashin da ruwa ya kwaso, ko mota da ta ci rabin hannunka.

Ka gama rage gudu da sauke giya babur yana tsaye sak, kafin ya kwanta. Sannan ka kai idonka inda kake son fita. Babur yana bin ido: wanda ya ƙura wa rami ido, ramin zai faɗa. Ga wata dabara. Dubi can gaba inda gefen hanya biyu suke kamar sun haɗu. In wurin yana matsowa gare ka, kwanar tana ƙara matsewa, ka rage. In yana gudu yana barinka, tana buɗewa.

A kan tsakuwa ko burji, sassauta riƙon hannu, ka matse tanki da gwiwa, ka bar kan babur ya ɗan yi wasansa. Birkin gaba a taɓa shi a hankali, na baya ya ƙara aiki. Mai birkin ABS, wanda ke hana taya cijewa, ya sani cewa a kan tsakuwa tazarar tsayawarsa tana ƙaruwa. Sai kuma yayyafin farko bayan an daɗe ba ruwa: yana taso da mai da ƙurar da suka kwanta a kwalta, hanya ta koma kamar an shafa sabulu. Farin fenti, gadar ƙarfe ko ta katako, da jiƙaƙƙen ganye, a tsallake su a miƙe, ba birki ba kwanciya.

Na ji ana cewa birki yana ɗaukewa a doguwar gangara. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. Man birki, irin DOT 4, yana tsotsar danshi daga iska, shi ya sa ake canja shi duk shekara biyu. Idan ka liƙe wa birki tun daga kan dutse har ƙasa, zafi yana tafasa ruwan da ke cikin man, tururi ya taru, ka matsa hannun birki ka ji ya tafi luf kamar soso. Maganin shi ne ka sauka da giyar da za ka hau da ita, injin ya riƙe babur, kai kuma ka riƙa matsawa da ƙarfi na ɗan lokaci kana saki. Kada ka kashe inji ko ka saki giya don tsimin mai. In birki ya fara laushi ko ka ji ƙauri, tsaya ya huce.

A hawa kuma kada ka zargi babur in ya yi nauyi. Iska tana sirancewa a sama, inji yana rasa wajen kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 1,000, kuma mai kafireto ya fi jin abin.

Idan taya ta yi faci a daji fa?

Ka san irin tayarka tun a gida. Tubles, wato marar tiyub, ana toshe ta ba tare da an kwance ba: zare ƙusar, goge ramin da abin gogewa, cusa igiyar roba mai gam, yanke abin da ya fito, ba ta iska. Wannan na hujin da ke kan zane ne kawai, na gefen taya ba ya tosuwa. Mai tiyub kuwa sai an cire wili, don haka yana buƙatar sifanar da ta dace da notin wilin, ƙarafan ɓamɓare taya biyu ko uku, faci da gam, da sabon tiyub. Kafin ka mayar, shafa cikin tayar da yatsa a hankali, domin ƙayar da ta huda na farko tana nan tana jiran na biyu. Ƙaramin famfo ya fi gwangwanin iska, tunda shi ba ya ƙarewa.

Ka gwada duk wannan sau ɗaya a tsakar gida da kayan da za ka tafi da su. A nan ne za ka gano sifanar da ta zo da babur ba ta iya motsa notin. Ka ƙara da fulogi, fis, kwan fitila, filaya, salatif da ɗan guntun waya.

Me zan sa a jiki?

Hular kwano mai rufe haɓa, jaket mai kariya a kafaɗa da gwiwar hannu, safar hannu, wando mai kauri, takalmi mai rufe idon sawu. Rigar ruwa ta zauna a saman jaka, a sa ta kafin a jiƙe. Sanyi yana yaudara: duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska yana sauka da wajen digiri 6 da rabi, kuma digiri 10 a gudun kilomita 90 jiki yana jin sa kamar digiri 4. Yatsun da suka sandare ba sa kama birki da wuri.

Abin da aka fi rainawa shi ne kunne. Ƙugin iska a cikin hula a gudun kilomita 100 yana haura desibel 90 a ma'aunin ƙarfin ƙara, alhali daga 85 ne ji yake fara lalacewa in an daɗe. Soson toshe kunne yana rage wannan, yana rage gajiya, kuma ba ya hana ka jin hon. Ka sauka duk awa ɗaya ko ɗaya da rabi, ka taka ƙasa, ka sha ruwa ko ba ka ji ƙishi ba. Ranar da ka lura ba ka tuna kilomita biyar ɗin da ka wuce, tafiyar ranar ta ƙare.

Ruwa ya malale hanya. In ratsa?

Sauka ka taka da ƙafa tukuna. In yana gudu da ƙarfi, ko ya haura tsakiyar wili, ko ba ka ganin ƙasansa, ka jira ko ka juya. In za ka shiga, giya ta ɗaya, mai a daidaice, ba tsayawa. Babur ya mutu a ciki, kada ka sake tayarwa: ruwa ba ya matsuwa kamar iska, in ya shiga silinda zai iya lanƙwasa sandar fistin. Tura shi waje, cire fulogi, juya injin ruwan ya fita, ka duba baƙin mai. In ya koma kamar madara, sai an canja.

Mu huɗu ne za mu tafi. Akwai wani tsari?

Mai ƙaramin tanki shi ke yanke inda za a sha mai, mai ƙarancin ƙwarewa shi ke yanke gudu, kuma wurinsa bayan jagora ne, ba can ƙarshe ba inda zai riƙa kashe kansa don ya cim muku. A miƙaƙƙiyar hanya ku jeru ɗaya dama ɗaya hagu, a kwana ku koma layi ɗaya da tazarar daƙiƙa biyu, huɗu in ana ruwa. Kowa ya kula da na bayansa a madubi: a mararraba, kada ka juya sai ya gan ka.

Ku sauke taswira a waya tun akwai intanet, kuma kowa ya rubuta sunayen garuruwan ranar a takarda ya sa a aljihu. Wayar da aka ɗaure a kan babur rana tana iya kashe ta, girgizar inji kuma tana lalata kyamara. Kamfanin Apple da kansa ya yi gargaɗi kan girgizar a 2021. Kowace safiya ku tura wa wani a gida hanyar da za ku bi da lokacin da ya kamata ya ji daga gare ku.