Waiwaye: Majalisar Sisili, wadda ta girmi Jamhuriyar Italiya

Ranar 15 ga Mayun 1946 Sarkin Italiya Umberto na Biyu ya sa hannu a kan dokar da ta ba tsibirin Sisili ikon tafiyar da al'amuransa da majalisa tasa ta kansa. Ba a yi mako uku ba, ranar 2 ga Yuni, Italiyawa suka kaɗa ƙuri'ar raba gardama suka sallami sarautar baki ɗaya. Kundin tsarin mulkin ƙasar kuwa sai a Janairun 1948 ya fara aiki. Ke nan ƙanwa ce aka haifa kafin yayarta.

Gaggawar nan tsoro ne ya kawo ta. Bayan da sojojin Amurka da Ingila suka sauka a tsibirin a Yulin 1943, ƙungiyar masu neman ɓallewa ƙarƙashin Andrea Finocchiaro Aprile ta yi ƙarfi, har ta kai ga samun reshe mai ɗaukar makami. Mahukuntan Roma suka ga cewa da a rasa tsibirin dungurungum, gara a sakar masa mara. Duk abin da ya biyo baya, mai daɗi da marar daɗi, daga nan ya samo tushe.

Majalisar tana zama ne a birnin Palermo, cikin Fadar Normawa, wato mayaƙan Kirista 'yan asalin arewacin Faransa da suka taɓa mulkar tsibirin, kuma ginin kansa ya isa a tsaya a kansa. A shekarar 827 rundunar Aglabawa ta tashi daga Tunisiya ta yau ta sauka a Mazara, a ƙarƙashin Asad bin al-Furat, alƙalin Ƙairawan kuma ɗalibin Imam Malik. Almajiran fiƙihu a ƙasar Hausa sun san sunan Imam al-Maziri. To, ga wannan garin ake jingina shi. Palermo ta shiga hannun Musulmi a 831, kuma a kan ganuwar da suka ƙarfafa ne Normawa suka ɗora fadarsu da suka karɓe tsibirin. Har gobe akwai wani rubutu na shekarar 1142 a bangon fadar da harsuna uku: Latin da Girkanci da Larabci. A wannan fadar al-Idrisi ya zana wa Sarki Roger na Biyu taswirar duniya, da ƙasashen Sudan a cikinta. Mutanen Sisili kan ƙirga shekarun majalisarsu daga 1130, lokacin da aka tara manyan ƙasa don naɗin Roger, shi ya sa suke bugun ƙirji cewa tana cikin mafi tsufa a duniya. A ganina akwai ƙarin gishiri a nan, domin taron masu gonaki da manyan limaman coci ba wakilcin talaka ba ne. Kuma zaren ya sha tsinkewa: an yi tsarin mulki irin na Ingila a 1812, sarakunan Naples suka shafe shi a 1816, majalisar juyin juya halin 1848 ba ta wuce shekara guda da 'yan watanni ba, sannan daga 1860 komai ya koma hannun haɗaɗɗiyar Italiya.

An yi zaɓen farko na sabuwar majalisa ranar 20 ga Afrilun 1947. Ƙawancen 'yan gurguzu da 'yan ra'ayin sauyi, wanda ya yi wa manoma alƙawarin raba manyan gonaki, shi ya zo na ɗaya. Kwana goma sha ɗaya bayan haka, ranar ma'aikata, 'yan bindigar ƙasurgumin ɗan fashi Salvatore Giuliano suka buɗe wuta a kan manoman da suka taru a Portella della Ginestra, suka kashe mutum 11 nan take, har da yara. Da wannan jinin a ƙasa majalisar ta yi zamanta na farko ranar 25 ga Mayu.

A takarda, ikon da aka ba ta ya fi na kowace majalisar yanki a Italiya. Ita kaɗai ke yin doka kan noma, dazuzzuka, ma'adinai, kamun kifi, masana'antu, ƙananan hukumomi, makarantun firamare da kayan tarihi. Mafi yawan harajin da aka tara a tsibirin a nan zai zauna. Shugaban yankin yana da kujera a majalisar ministocin ƙasa idan ana maganar Sisili. Wakilanta ma ba a kiran su kansiloli kamar na sauran yankuna, sunansu ɗaya da na 'yan majalisar ƙasa. A tuna cewa yankuna 15 na gama-gari sai a 1970 suka fara zaɓen majalisunsu.

Sai dai da tsoron ɓallewa ya kwanta, Roma ta fara janye abin da ta bayar a hankali. Dokar 1946 ta kafa wata babbar kotu ta musamman, wadda ƙasa da yanki ke naɗa alƙalanta daidai wa daida, don sasanta rikicinsu. A 1957 Kotun Tsarin Mulki ta ƙasa ta ce wannan aikinta ne, kuma tun daga nan waccan kotun ta mutu a tsaye ba tare da an soke ta ba. Sashen da ya ɗora 'yan sanda a hannun shugaban yanki ba a taɓa aiki da shi ba. An kuma ajiye wani kwamishinan gwamnatin tsakiya a Palermo mai ikon ƙalubalantar doka tun kafin a ƙaddamar da ita, al'adar da ba ta kau ba sai a 2014.

Amma ba zan ɗora wa Roma laifin duka ba, kuma nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Shekara da shekaru majalisar ce ke zaɓen shugaban yanki daga cikin wakilanta, ta kuma tuɓe shi a duk sa'ad da ciniki ya ɓaci. A 1958 Silvio Milazzo ya yi wa jam'iyyarsa ta Kiristoci Demokaraɗiyya tawaye, ya hau mulki da ƙuri'un 'yan gurguzu da na magada fasistanci a lokaci guda, abin da ya girgiza ƙasar. Kuɗin da aka bari don fitar da tsibirin daga talauci, kaso mai yawa ya tafi wajen ɗaukar ma'aikata don saka wa magoya baya, ga kwangiloli da Mafiya ta sa wa ido. Wakilan kuma suka daɗe suna auna albashinsu da na sanatocin ƙasa.

An samu waɗanda suka ƙi. Piersanti Mattarella ya zama shugaban yanki a 1978, ya sa aka tsaurara dokokin ba da kwangila, yana cewa yana son yankin da takardunsa suke a tsabtace. Ranar 6 ga Janairun 1980 aka harbe shi a cikin motarsa a ƙofar gidansa, a gaban iyalinsa. Ƙaninsa Sergio, wanda ya ciro shi daga motar, shi ne shugaban ƙasar Italiya tun 2015. Pio La Torre, tsohon wakili a majalisar, wanda ya tsara dokar ƙwace dukiyar 'yan Mafiya, an kashe shi a Afrilun 1982.

Daga 2001 aka mayar da zaɓen shugaban yanki hannun jama'a kai tsaye, da sharaɗin cewa idan majalisa ta tuɓe shi, ita ma ta rushe. Wanda ya fara cin wannan zaɓe, Salvatore Cuffaro, ya sauka a 2008, daga baya kotu ta tabbatar masa da ɗaurin shekara bakwai kan taimaka wa Mafiya. Tun zaɓen 2017 an rage kujeru daga 90 zuwa 70: ana zaɓen 62 a larduna tara bisa yawan ƙuri'a, jam'iyyar da ba ta kai kashi 5 cikin ɗari ba ba ta samun komai, kujeru bakwai na shugaban da jerin mutanensa, ɗaya kuma ta wanda ya zo na biyu. Wa'adi shekara biyar ne. Gwamnatoci sun fi daɗewa yanzu, amma ƙuri'ar asiri tana nan, inda wakili zai yi wa shugabansa murmushi da safe ya kayar masa da ƙuduri da yamma ba wanda ya sani.

Renato Schifani ne ya ci zaɓen 2022. A wannan zaɓen, kamar na 2012 da na 2017, waɗanda suka fito jefa ƙuri'a ba su kai rabin masu rajista ba, a tsibirin da manomansa suka taɓa ba da jininsu saboda sakamakon zaɓen wannan majalisa.