Shin Bach ne ya ƙirƙiro saitin piyano na yau?

An daɗe ana maimaita cewa Johann Sebastian Bach, gwanin kiɗan Jamus, shi ya fara raba tazarar da ke tsakanin sauti da ninkinsa biyu kashi 12 daidai wa daida, yadda ake saita piyano yanzu. Masu faɗin haka suna da hujjarsu: a 1722 ya kammala kundin kaɗe-kaɗe da ya ratsa duk matakan sauti 24.

Sai dai lissafin ya girme shi. Zhu Zaiyu na ƙasar Sin ya fitar da shi a 1584, shekara ɗari kafin a haifi Bach, Simon Stevin na Holand ma ya yi nasa a zamanin. Galibin masana na ganin Bach ya yi aiki ne da saitin da tazarorinsa ba su daidaita ba, inda kowane mataki ke da nasa ɗanɗano a kunne. Daidaitaccen saitin bai mamaye piyano ba sai ƙarni na 19. Wannan bai rage darajar kundin da komai ba.

Asalin matsalar lissafi ce, kuma kowa zai iya gwadawa a kalkuletar wayarsa. Sautuka biyu da suka fi daɗin haɗuwa, bayan ninki biyu, su ne masu gwargwadon 3 da 2, wato ɗaya ya ninka ɗaya sau 1.5. Hawa 12 na wannan tazara ya kamata ya yi daidai da hawa 7 na ninki biyu, amma ba ya yi. A ninka 1.5 da kansa sau 12 (1.5 × 1.5 × ...), za a samu kusan 129.7. A ninka 2 da kansa sau 7, za a samu 128. Wannan ɗan giɓin ne masu saiti suka yi ɗaruruwan shekaru suna neman inda za su sa shi.

Don Allah a tura wa ɗalibai da masu sha'awar kiɗa.