Asetik Asid

Asetik asid sinadari ne mai tsami da kaifin wari, shi ne ke ba ruwan khal ɗanɗanonsa. Masana kimiyya suna rubuta shi CH3COOH, wato ƙwayar kabon biyu, haidurojin huɗu, oksijin biyu. Khal ɗin da ake sayarwa a kantuna da shagunan maganin Musulunci a Kano, Dutse ko Haɗeja yawanci kashi 4 zuwa 8 cikin 100 ne asid ɗin, sauran duk ruwa ne.

Tsantsarsa ba ta da launi, tana garwayuwa da ruwa komai yawan da aka zuba, ta kuma ɗara ruwa nauyi kaɗan: lita ɗaya kilo 1.05 ce. Tana tafasa a digiri 118 na ma'aunin Selsiyus. Abin lura gare mu shi ne iyakokinta biyu, wato sanyin da ke daskarar da ita da zafin da tururinta ke iya kama wuta, sun faɗo cikin yanayin ƙasarmu. Tana daskarewa a digiri 16.6, kuma asubar hunturu a karkarar Kano da Jigawa kan yi sanyin da ya wuce haka, don haka kwalbar da ta kwana a ɗakin gwajin makarantar sakandare na iya wayar gari ta sandare kamar ƙanƙara. Tururinta kuma yana iya kama wuta daga kusan digiri 39, zafin da bazara ke zarce shi a watan Afrilu. Bai kamata a ajiye ta kusa da murhu ko risho ba.

Ana ƙirga shi cikin asid masu rauni, domin in ya shiga ruwa kaɗan ne daga ƙwayoyinsa ke sakin haidurojin. Raunin bai hana tsantsarsa ƙona fata da lahanta ido ba. In aka ɗiga khal a kan kanwa, nan take za ta yi ta kumfa tana tsuwa. Iskar kabon dayoksaid ce ke fita, a bar ruwa da wani gishiri mai suna sodiyam asitet. Haka yake cinye ɓawon ƙwai, yake kuma narkar da farin dattin da ruwan rijiya ke bari a gindin butar shayi. Amma ba kowane tsami ne nasa ba: na nono laktik asid ne, na tsamiya tartarik, na lemun tsami sitirik.

Wasu ƙwayoyin bakteriya da ake kira Asetobakta su ke samar da shi, in ruwan 'ya'yan itace da ya riga ya zama barasa ya sha iska. Bajamushe Hermann Kolbe ya haɗa shi a ɗakin gwaji a 1845, a yau kuwa masana'antu na yin sa daga metanol (wani nau'in barasa) da iskar kabon monoksaid, galibi don fenti, gam da zaren roba. A asibitoci, ma'aikatan lafiya na shafa mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5 a bakin mahaifa. Wurin da ya soma lalacewa sai ya yi fari, a gano barazanar ciwon daji da wuri ko a asibitin ƙauye da ba shi da manyan na'urori.