Celery a cikin Debian: haɗa kunshi da kula da shi

Celery manhaja ce ta jera ayyuka a layi da raba su ga kwamfutoci da yawa. Da harshen Python aka rubuta ta, Ask Solem ne ya fara fitar da ita a 2009, kuma lasisin BSD gare ta, wato kowa na iya ɗauka ya gyara ya raba. Aikinta shine ta karɓi aikin da zai ci lokaci, kaman tura saƙon waya ga mutum dubu ko haɗa lissafin momo na ƙarshen wata, ta ajiye, wasu injina su riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya ba sai mai amfani da shafin ya zauna yana kallon allo ba. Wanda ya taɓa shiga shagon tela a Aboabo ana saura sati ɗaya Sallah ya riga ya ga tsarin, maigida na karɓar yadi yana maƙala takarda, yaran shago kuma duk wanda kekensa ya samu sarari sai ya ja na gaba.

Ita Celery ba ta riƙe layin da kanta, sai da dillali a tsakani, galibi RabbitMQ da aka rubuta da Erlang ko kuma Redis. Sannan tana da dangi da ba ta motsi sai da su: kombu mai magana da dillalin, amqp, vine, da billiard wanda aka tsago daga sashen multiprocessing na Python, daga sigar 5.0 kuma click, mai karɓar umarnin da aka rubuta mata, ya shigo. Toh a nan wahalar mai haɗa kunshi take.

A Debian, tsarin Linux mai tafiyar da kwamfuta wanda Ian Murdock ya kafa a 1993, manhaja ba ta shiga sai an ɗaure ta a kunshin deb da apt, manhajar saka kunshi ta Debian, zai iya saukewa. Mai kula da kunshin yana ɗauko lambar asali daga masu ita, ya ƙara mata babban fayil mai suna debian, a ciki akwai control da ke faɗin abin da kunshin ke buƙata, rules da ke faɗin yadda za a gina shi, changelog, copyright, da wurin ajiye faci, irin dai facin taya ne, gyaran da Debian ta ɗora kan aikin masu asali. Sunan kunshin python3-celery, kuma ƙungiyar Python ta Debian ce ke riƙe da shi a Salsa, shafin da Debian ke ajiye lambar kunshinta. Dokar Debian ba ta son a cusa kwafin wata manhaja cikin wata, dan haka kombu kunshinta daban, billiard daban, vine daban, kuma dole sigoginsu su yi daidai da juna a lokaci guda, in ɗaya ya yi gaba ya bar saura sai ka ga komai ya tsaya alhali ba wanda ya taɓa Celery ɗin kanta. Injinan gini kuma ba a yarda su taɓa intanet ba, shi yasa gwajin da ke neman dillali na waje ko dai a tsallake shi ko a yi masa faci. Bayan haka wata manhaja mai suna lintian ta bi ta duba kurakurai, wata kuma, autopkgtest, ta gwada kunshin bayan an saka shi.

Misalin da aka fi tunawa shine na 2018. Python 3.7 ta maida kalmar async keɓaɓɓiya, ba a sa wa komai wannan suna, ita kuwa Celery 4.2 tana da sashe mai wannan sunan daidai, sai ya zama ta ƙi aiki yadda ya kamata a kan sabuwar Python saboda kalma ɗaya tak. Sai da aka canza sunan zuwa asynchronous, sigar 4.3 ta 2019 ta zo da gyaran. Ba a jima ba Python 2 ta yi ritaya a 1 ga Janairun 2020, Celery 5.0 ta yar da ita a shekarar. Dillalin ma bai bar mutane sun huta ba, a Maris 2024 Redis ya canza lasisi zuwa wanda bai cika sharuɗɗan manhaja mai 'yanci ba, aka tsago Valkey daga gare shi ƙarƙashin Linux Foundation, Fedora 41, wani tsarin Linux ɗin, ta koma kansa, daga baya a 2025 Redis 8 ya ƙara lasisin AGPL.

Debian tana da matakai uku: sabon kunshi unstable yake fara shiga, wanda ake kira sid, in ya yi 'yan kwanaki ba babbar matsala ya wuce testing, kafin a fitar da stable, wato sigar da ake ba jama'a, kuma a daskarar da komai, ba sabuwar siga sai gyara. Kunshin da aka bari da babban kuskure ba a kula ba ana cire shi daga testing, har ya ja waɗanda suka dogara da shi. Ubuntu ma daga Debian take kwasa.

Akwai abin da ya shafi tsaro da wutar lantarki, mu da muka san dumsor wannan ba labari ba ne. Da can Celery da pickle, wata hanyar Python ta ɗaure bayani, take naɗe saƙo, wanda duk mai iya jefa saƙo a layin zai iya sa injin ya gudanar da abin da ya ga dama, daga 4.0 aka koma JSON, wanda bayani ne zalla a rubuce, kuma ba a so a tashe ta a matsayin root, wato mai cikakken iko a kan injin, a ba ta mai amfani nata daban ƙarƙashin systemd, mai tashe manhajoji a Linux. A tsarinta na asali tana faɗa wa dillali cewa ta karɓi aiki tun kafin ta gama shi, in wuta ta ɗauke a tsakiya aikin ya tafi kenan, in aka kunna acks_late kuma, wato kar ta amsa sai ta gama, zai dawo layi amma yana iya gudana sau biyu, kwastoma a Nima ya ga saƙo ɗaya ya shigo masa har biyu. A kan Redis aikin da ba a amsa ba cikin awa ɗaya ana sake miƙa shi.

Masu rubuta manhaja da yawa sun fi son pip, manhajar saka kunshi ta Python, dan samun sabuwar siga, kuma gaskiya suna da hujja, na stable yakan tsufa. Amma tun Debian 12 ta Yunin 2023 pip ba ya yarda ya saka komai a Python ɗin tsarin saboda ƙa'idar PEP 668, sai dai mutum ya buɗe venv nasa, wato keɓaɓɓen wurin Python na kansa, daga nan kuma bin gyaran tsaro na kombu da sauran dangin ya koma wuyansa.