Waiwaye: Saunders Lewis da Fafutukar Ceto Harshen Welsh

A yankin Wales na Birtaniya, allunan hanya da takardun hukuma a yau da harsuna biyu suke, Welsh da Ingilishi. Shekara saba'in da suka wuce sai an kai ruwa rana kafin a samu ko takardar haraji da harshen mutanen yankin. Cikin waɗanda suka juya lamarin akwai Saunders Lewis, mawaƙi kuma marubucin wasan kwaikwayo.

An haife shi a 1893 a Wallasey, kusa da Liverpool. A cikin Ingila ke nan, amma gidansu Welsh ake yi, mahaifinsa kuma limamin coci ne. Ya yi Yaƙin Duniya na Ɗaya har ya ji rauni, daga baya ya koyar a jami'ar Swansea. A 1925 yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar Plaid Cymru ta 'yan kishin Wales, ya kuma shugabance ta daga 1926 zuwa 1939.

Sai rikicin Penyberth. Gwamnatin Landan ta dage sai ta gina sansanin horar da sojojin sama jefa bama-bamai a gonar Penyberth da ke yankin Llŷn, cibiyar masu jin Welsh, ta yi kunnen uwar shegu da koke-koken jama'a. A Satumban 1936 Lewis da Lewis Valentine da D. J. Williams suka cinna wa ginin wuta, sannan suka taka da ƙafarsu zuwa ofishin 'yan sanda na Pwllheli suka ce su ne. Masu taya alƙali yanke hukunci a Caernarfon sun kasa cimma matsaya, aka ɗauke shari'ar zuwa Landan, aka ɗaure su wata tara-tara. Lewis ya rasa aikinsa, bai sake samun kujerar koyarwa a jami'a ba sai 1952, a Cardiff.

Bayan ɗaurin ne ya fitar da manyan wasanninsa: Blodeuwedd a 1948, daga tsohuwar tatsuniyar matar da aka halitta da furanni, da kuma Siwan, labarin 'yar Sarki John na Ingila wadda mijinta Llywelyn, wani sarkin Wales, ya rataye masoyinta a 1230. A ganina nan ne gwanintarsa take, domin ya nuna cewa Welsh na iya ɗaukar zance mai nauyi kan mulki da amana.

Ranar 13 ga Fabrairun 1962 ya yi lacca a rediyon BBC mai suna Tynged yr Iaith, wato makomar harshen. Ya yi gargaɗin cewa in aka ci gaba a haka, Welsh zai mutu a farkon ƙarni na 21. Ya kawo misalin Trefor da Eileen Beasley, waɗanda suka ƙi biyan harajin gida shekara takwas har sai an rubuto musu da Welsh, duk da ana kwashe musu kayan ɗaki. A shekarar matasa suka kafa ƙungiyar Cymdeithas yr Iaith Gymraeg, wato ƙungiyar harshen Welsh, suka shiga zaman dirshan da shafe allunan Ingilishi da fenti. Dokar harshe ta 1967, tashar talabijin ta S4C mai watsa shirye-shirye da Welsh a 1982 da dokar 1993 duk sun biyo baya.

Lewis yana da tabo: akwai kalaman ƙin Yahudawa a wasu rubuce-rubucensa na wajajen 1930, kuma bai kamata a rufe wannan ba. Ya rasu a 1985. Masu jin Welsh kashi 26 cikin ɗari ne a ƙidayar 1961, a ta 2021 kuwa sun sauko zuwa 17.8. Tun a 2017 gwamnatin Wales ta ɗaura ɗamarar kai su miliyan ɗaya nan da 2050.