Ƙibar yaro ba ta uwa kaɗai ba ce

An daɗe ana ɗauka cewa idan yaro ya yi ƙiba fiye da kima, laifin uwa ne, tunda ludayi a hannunta yake. Wai uba nasa kawai ya kawo cefane. Wannan kuskure ne.

Tun kafin a je ga tukunya, yaro yana gadon yanayin jikinsa daga uwa da uba duka. Sannan abin da ke shigowa gida, sau da yawa uba ne ke sayo shi. Uban da ke dawowa kullum da ledar alawa da lemon kwalba don a yi masa oyoyo, yana rushe abin da uwa ta wuni tana ginawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da ake ƙarawa a ci da sha ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da jiki ke samu a rana, kuma kwalba guda kan cinye kusan duk rabon ƙaramin yaro.

Hukumar ta kuma shawarci 'yan shekara 5 zuwa 17 su riƙa motsa jiki na minti 60 kullum. To amma wane yaro zai fita buga ƙwallo alhali babansa na kishingiɗe yana latsa waya?

Tsokanar yaro da "ƙato" ko hana shi abinci da ƙarfi ba ya rage ƙiba, sai dai ya koya masa ci a ɓoye. Uba ya raka shi asibiti a auna tsawonsa da nauyinsa, ya ji shawarar likita da kunnensa.