Ba Duk Abin da Ke Intanet Ne Kayan Tsintuwa Ba

An daɗe ana cewa duk abin da aka sa a intanet ya zama na kowa, muddin babu alamar © a jikinsa. Da yawa daga cikin masu haɗa shafukan intanet a Birnin Kebbi sun taso da wannan fahimta, haka suka tarar ana yi.

Amma haƙƙin mallaka ba ya jiran alama ko rajista. Da zarar mutum ya rubuta bayani ko ya ɗauki hoto, haƙƙinsa ya tabbata. Ƙa'ida ce ta Yarjejeniyar Berne, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan haƙƙin mallaka, wadda Najeriya ta shiga a 1993. A dokarmu, rubutu na da kariya har shekara 70 bayan rasuwar marubucinsa.

Ɗauki misalin shafin mai sayar da shinkafa da aka ƙawata da hoton bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka kwaso daga wani wuri. Wani ne fa ya tsaya cikin rana a bakin kogin Matan Fada, gumi na zuba, ya ɗauke shi. Rubuta sunansa a ƙasa ladabi ne, amma bai zama izini ba. Kwaikwayon tsarin shafi kuwa ba laifi: maɓallai a sama, launin kore, dabarar kowa ce.

Duba asalin rubutu ko hoto ba wuya. Kwafi jimla ɗaya, ka sa ta tsakanin alamun zance a Google, za ka ga sauran wuraren da ta fito. Hoto kuma ka loda shi a Google Lens, manhajar bincike da hoto. Sannan ka karanta sharuɗɗan amfani a shafin asali, ko ka tura wa mai shi saƙo.

Don Allah a tura wa 'yan'uwa masu wannan sana'a.